Ciwon Da Ban Yi Ba

Littafina na uku ya daɗe a tsaye, har na fara jin haushin duk wanda ya tambaye ni shi. Biyu sun fita, an buga su a Sakkwato, an ƙetaro gulbi da su cikin buhunan shinkafa, kuma tun ranar da suka iso garinmu Malanville ban sake samun safiya guda da ta zama tawa ni kaɗai ba. Na ukun labarin wata mata ce mai fataucin albasa. Na sa ta cikin kwalekwale da kayanta za ta haye zuwa Gaya, na bar ta a tsakiyar ruwa. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta sake zuwa, baiwar Allah tana nan inda na ajiye ta.

Wanda bai san garinmu ba zai ce, to, ka zauna ka rubuta mana. Zancen da daɗin faɗi yake. A nan yaro Faransanci yake koya a lakwal, wato makarantar boko, dattijo kuma in zai karanta Hausa da ajami yake karanta ta, kasuwa kuwa rabinta Dendi take yi. Masu karanta Hausar boko, wadda nake rubutu da ita, in an tara su ba za su cika mota guda ba. Saboda haka littafi ba ya tafiya da ƙafarsa, sai marubucinsa ya ɗauke shi a ka ya bi mutane yana karanta musu da baki. Ni ne mai rubutawa, ni ne ɗan talla, ni ne kuma ɗan dako.

Akwai rediyon gari, inda nake karanta babi kowane mako, mai gabatarwa yana katse ni da gaisuwar masu sauraro daidai inda labari ya ɗau zafi. Akwai makarantu. A gayyace ni Guéné, a ce in zo da sassafe, in ɗaure buhun littattafai a bayan babur ɗin haya, kabu-kabu, in sha rana a hanya. In na isa sai a ajiye ni ƙarƙashin bishiya ana jiran babban baƙo. Babban baƙo ya iso bayan hantsi ya dubi ludayi, ya yi jawabi, mataimakinsa ya maimaita jawabin, wani ya fassara, sannan a tuna da ni, a ce ga babban mawaƙinmu zai ɗan yi mana wani abu a gurguje. Ban taɓa rera baiti ko guda ba a rayuwata. In tashi in karanta shafi biyu ga yaran da yunwa ta riga ta toshe wa kunnuwa, manyan da ke zaune a teburi kowa ya ɗauki littafi guda ya ce zai duba, in komo gida bayan la'asar da buhu mai sauƙi da kai mai nauyi.

Sai kuma ajin rubutu da nake yi ranar Asabar a zauren gidana. Wannan kam ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Akwai wata tela da ke rubuta gajerun labarai masu daɗi a kan matan da ke kawo mata ɗinki, akwai wani mai sayar da magani a farmasi, akwai wasu malaman lakwal, akwai kuma wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin duwan, wato kwastan, yana rubuta tarihin rayuwarsa. Matsalar ita ce ajin Asabar ba ya ƙarewa ranar Asabar. Dattijon duwan yakan iso kowace safiya kafin in gama shan koko, ya zauna, ya gyara tabarau, ya karanta mini abin da ya rubuta jiya. Daga haihuwarsa ya fara, kuma a lokacin da nake ba da labari ko lakwal ba a sa shi ba tukuna. Yana tashi wani ya shigo. Wanda bai zo da ƙafa ba ya turo saƙon murya a waya, mai tsawon huɗuba, ya ƙare da cewa yana jiran ra'ayina yau yau.

Kowace Asabar nakan rufe aji da magana guda: ku rubuta kullum, ko da layi ɗaya ne. Wata rana na faɗa, kowa yana tattara takardunsa, sai telar nan ta ɗago kai. Ba da izgili ta yi tambayar ba, da ma da izgili ne da na san yadda zan rama.

Ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ta ce, "Mushe, kai wane lokaci kaka yin naka? In ga ko ni ma in koma yi lokacin."

Na ce mata da safe. Ta gode, ta tafi. Na zauna a zauren ina huci ni kaɗai, don rabona da rubuta layin da yake nawa har na manta.

A daren ban yi dogon tunani ba. Washegari na ce wa matata daga yau zan rufe ƙofar zaure, in kashe waya, ba na nan ga kowa sai na fitar da matar nan daga ruwa. Matata 'yar kasuwa ce, jikar 'yan kasuwa, tana da rumfar atamfa, kuma ta san garin nan fiye da ni. Ta dube ni kamar na ce zan tuƙa jirgi a tudu.

Ta ce, "Malam, ƙohwar gidanga ko ran da anka yi ruwan da ya ci katanga ba a ruhe ta ba. Mi za ni ce ma mutane?"

"Ki ce ina aiki."

"Aiki? Suna ganin ka zamne?"

"To ki ce ba na son ganin kowa."

"A'a wallahi. In hwaɗi haka, gobe a ce matar ta raba shi da mutane. Ni kasuwa za ni. Kai da ƙohwarka."

Na rufe ƙofata. Na sa sakata, na kashe waya na jefa ta cikin aljihun tebur. Kuma da yake na san fita masallaci a unguwarmu sallar minti kaɗan ce da gaisuwar rabin yini, sai na yi sallolina a ɗaki, Allah ya yafe mini. Ranar farko an ƙwanƙwasa, an ƙwanƙwasa, na yi kunnen uwar shegu. Na ji takun dattijon duwan, na san shi da jan ƙafar hagu, ya tsaya, ya yi sallama ta fi a ƙirga, ya juya. Ban rubuta abin kirki ba ranar, karanta tsofaffin babi na yi don in tuna su wane ne mutanen da na ƙirƙira. Amma na kwanta da murna, na ce gobe aiki zai kankama.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abubuwan nan uku suke haɗuwa a kan mutanenmu. Ƙofa a rufe da rana, waya a kashe, kuma ba a ga mutum a sahu ba. A garinmu wannan ba ya nufin komai sai abu guda. Liman ya tambaya bayan azahar, maƙwabcina mahauci ya ce shi ma ya ga ƙofa a rufe, dattijon duwan ya ƙara da cewa dama kwanan nan ya lura idanuna sun faɗa. Kafin magariba an gama yanke mini hukunci: Malam yana kwance.

Da gari ya waye ba ƙwanƙwasa aka yi ba, ta ƙofar mata aka shigo, wadda ba ta da sakata. Matan unguwa ne suka fara, kowacce da kwanonta a lulluɓe. Su suka buɗe wa maza zaure. Kafin in ankara ɗakina ya cika, ana cire takalma a bakin ƙofa kamar gidan suna. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na miƙe tsaye don su gan ni da kyau. Na ce, "Jama'a, lafiyata lau. Ba abin da ya same ni."

Suka haɗa baki, "Madalla, madalla. Allah shi ƙara sauƙi."

Ai kuwa duk mara lafiyan da na taɓa dubawa a rayuwata haka yake cewa. Mutuminmu ko yana kan gargara, ka tambaye shi jiki, lafiya lau zai ce maka. Na sake faɗa da ƙarfi, suka dubi juna da tausayi, wata tsohuwa ta ce haka babana ma yake, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa yarda ciwo ya kama shi. Mahauci ya kama kafaɗata ya zaunar da ni a bakin gado, ya ce kada in wahalar da kaina da tsayuwa.

Kowa da cutar da ya zo mini da ita. Mai farmasi, ɗalibina, ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ya fito da abin awo ya ɗaure mini hannu ba tare da ya nemi izini ba, kuma tabbas ya iske ta hau, don a lokacin ji nake kamar in fashe. Wani ya ce shawara ce, a duba idona. Wani masunci da muka yi makarantar allo tare ya kawo saiwa a ƙunshe, ya ce a jiƙa a sha a yi wanka. Wata ta ce ba komai ba ne illa karatu, karatu in ya yi yawa kai yake hawa. An kawo kunu, an kawo fura, an kawo romon kifi mai yaji wanda zai tashi matacce. An ajiye wani kwanon a kan takarduna, gindinsa ya bar da'irar mai a kan babi na tara. Dattijon duwan ya jira ɗaki ya ɗan lafa, ya matso da kujera, ya ce tunda ina kwance ba abin da nake yi, bari ya ɗebe mini kewa da ɗan abin da ya rubuta.

A nan ne na fashe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na ɗaga murya a kan mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, na ce a bar ni in sha iska, na ce mutum ba shi da ikon rufe ƙofarsa a garin nan sai ya mutu. Dattijon ya naɗe takardunsa a hankali, bai yi fushi ba ko kaɗan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ji shi a tsakar gida yana gaya wa mutane da ƙaramar murya cewa a yi haƙuri da ni, zafin ciwo ne, abin ya fara taɓa sama.

Da matata ta dawo daga kasuwa ta iske kwanuka jere har bakin rijiya, ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a kasuwa ma ba ta yi ciniki ba, amsa gaisuwa ta wuni yi. Na ce me ya sa ba ta gaya musu gaskiya ba. Ta ce ta faɗa, sun yaba mata da iya rufa asirin miji.

Labari ba ya jiran mota. Mahaifiyata tana Madécali, can ta koma cikin danginta bayan rasuwar babana, tana da 'yar gonarta ta shinkafa da awakinta. Ban san bakin da ya kai mata ba, ban kuma san yadda ciwon ya girma a hanya ba. Abin da na sani, washegari da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na leƙa, sai ga Inna ana sauko da ita daga bayan kabu-kabu. An yi ruwa a daren, kuma wanda ya san hanyar Madécali bayan ruwa ya san abin da nake nufi. Zanenta duk taɓo har gwiwa, ɗan ƙullin kayanta a ƙirji, ta riƙe shi da hannu biyu. Tsohuwar da ko tsallaka kwata sai ta dafa bango.

Ba ta amsa gaisuwar kowa ba, ta wuce kai tsaye ɗakina. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban idona ba, amma ranar ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta sa bayan hannunta a goshina, ta ja fatar idona ta duba, ta kama wuyan hannuna. Sannan ta saki, ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta rufe ido. Na ga leɓunanta suna motsi. Kunya ta rufe ni, haushin garin nan kuma ya ninka, don su suka ɗora tsohuwa a kan babur cikin taɓo saboda ƙofar da na rufe.

Da ta buɗe ido ta ce, "Kai, mi ya hwaru?"

Na gaya mata duka. Rediyo, makarantu, aji, dattijon duwan, matar da na bari a tsakiyar gulbi. Inna ba ta karatu, ko na boko ko na ajami, littattafaina biyu suna cikin kwallarta a naɗe da ƙyalle, ba ta san abin da ke ciki ba sai abin da ta ji a rediyo. Na zaci za ta yi faɗa. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Yanzu mi kaka so?"

Na ce, "Shiru, Inna. Shiru kawai."

Ta tashi ta wanke ƙafafunta, ta canza zane, ta karɓi tabarma wajen matata, ta je ta shimfiɗa a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda duk mai shigowa sai ya bi ta kanta. Ta ajiye butarta da tasbaha, ta miƙe ƙafa.

Abin da matata ba ta isa ta yi ba, abin da ni ban isa in yi ba, uwa ta isa. A al'adarmu in uwar mara lafiya ta zauna jinya a bakin ƙofa, ita ake gaisarwa, ita take karɓar dubiya a madadinsa, kuma ba mai ƙetare ta. Daga ɗakina ina jin komai ta taga. A yi sallama, ta amsa, a gaisa da Hausa ko da Dendi, a tambayi gida da gona da ruwan bana.

Sai ta ce, "Shina ciki. Na amsa mishi. Allah shi bar zumunci."

Su ajiye kwano, su yi addu'a, su juya. Har dattijon duwan, na ji jan ƙafarsa ya zo ya tsaya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya koma da takardunsa a hammata. Na lura Inna tana zaɓen kalmominta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yana ciki, gaskiya ne. Na amsa masa, gaskiya ne. Haka ta yi ta kewaye maganar har liman ya zo da kansa bayan la'asar. Shi bai tsaya a gaisuwa ba.

Ya ce, "Hajiya, jikin nashi hwa? Muna ta addu'a."

Na ajiye alƙalami ina saurare.

Ta ce, "Da sauƙi, Malam."

Muryarta ta yi ƙasa sosai da ta faɗa. Tun ina yaro ban taɓa jin Inna ta faɗi abin da ba haka yake ba, ko a ciniki, ko don ta kare mu daga dukan babanmu. Na so in fita in ce liman ga ni, ƙalau nake. Ban fita ba. Na ɗauki alƙalamina.

Kuma rubutu ya zo. Wannan ne abin da har yanzu nake rasa yadda zan yi da shi: ya zo kamar an fasa madatsa. Na fitar da matar albasa daga ruwa a yammacin nan, ta taka tudun Gaya, ta yi faɗa da 'yan dako, ta iske wanda ta zo nema ya tashi daga unguwar. Mutanen da na manta muryarsu suka dawo suna magana, har ina rasa hannun da zan kamo su. Ina tashi da asuba in zauna, ba na ɗagowa sai bayana ya ƙage. Matata ta turo abinci ta taga. Na rubuta a 'yan kwanakin nan abin da ban rubuta ba a shekara biyu, kuma na san yana da kyau, marubuci yakan sani. Na yi farin ciki irin wanda na manta akwai shi. A ƙarƙashin farin cikin kuma haushi yana nan bai tafi ba, don kowane shafi sai da tsohuwa ta biya shi da zaman tabarma a kan siminti. In na leƙa nakan gan ta tana sauya zama, tana matsa gwiwarta, tana korar ƙuda daga kwanukan mutane.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta shigo ɗakina, abin da ba ta yi ba tun ranar da ta zo. Ina tsakiyar jimla, na ɗaga mata hannu alamar ta ɗan jira. Ba ta jira ba, ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Gobe Juma'a."

Na ce na sani.

"Za ka masallaci. Ban hana ka Juma'a da bakina, wanga kam ban ɗaukar shi. In anka sabko, ka warke."

Na ce to, na ji, zan je Juma'a in dawo in ci gaba, ita kuma ta ƙara mini ko mako guda, littafin ya kusa. Ta girgiza kai. Ta ce tsuntsaye suna cin shinkafarta, amma ba wannan ba ne. Sai ta fara kiran gidaje. Gidan mahauci, gidan liman, gidan mai tabarau da ke jan ƙafa, matar da ta kawo romon kifi, masuncin da ya kawo saiwa, telar da ta zo har sau uku ba ta ko zauna ba, mutanen rediyo, malaman da suka taso tun daga Guéné, 'yan rumfar matata, dangin babana na bayan kasuwa. Ba ta manta kowa ba, har da abin da kowa ya riƙo. Ta daɗe tana kira.

Na ce, "Inna, duk waɗannan na mene ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina gabas. "Wanda duk ya zaka dubiya, in ka tashi sai ka taka ka yi mishi godiya. Gida gida. Kwanoninsu ma ba a maida su wohi."

Na san al'adar, ni ma an zo mini godiya ba sau ɗaya ba. Kawai ban taɓa kawo ta a raina ba duk kwanakin nan. Na yi lissafin gidajen a kaina, kowane gida da zamansa, da ruwansa, da labarin yadda ciwon ya fara da yadda ya sauka. Ga rediyo da na bari, ga aji, ga makarantun da suka ɗaga taronsu saboda ni, ga saƙonnin da ke jira a cikin wayar da ke aljihun tebur. Na ga wata guda ya tafi, wataƙila biyu. Na ga ƙofar da ta buɗe mini a cikin kaina tana rufewa ina kallo.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce ban yi ciwo ba, ban kira kowa ba, ban roƙi kunun kowa ba. Na ce su suka ƙirƙiri ciwon, su suka yi jinyarsa, yanzu kuma ni zan bi su ina godiya don sun hana ni aiki. Na ce a wasu ƙasashe marubuci yakan rufe ƙofa shekara guda ba mai cewa uffan, shi ya sa suke da littattafai mu muke da gaisuwa. Na ce wannan littafin shi ne abin da zan bari a duniya, ba yawan gidajen da na shiga ba. Na faɗi da yawa. Inna tana zaune tana duban tafin hannunta har na gaji na yi shiru.

Ta ce, "Ka gama?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ni ban san abin da ke cikin takardunga ba. Na ga dai kana son su, shi ya sa na zamna. Na yi ma liman ƙarya sabadda kai, guda ɗaya, kuma ba ni da ta biyu." Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Na tsuhwa. Ran da ciwon gaske ya zaka maka, ba ni nan balle in zamna ƙohwa. Mutanen ga su za su zaka. In ka koya musu ƙohwarka ruhe take, za su koya."

Ta fita. Na ji tana naɗe tabarmarta a zaure.

Na zauna ina duban shafin da ke gabana. Jimlar da ta katse ni a kai tana nan rabi, kuma na san ƙarshenta sarai, yana bakin alƙalamina. Na ce bari in huce tukuna, kada in rubuta ta da fushi, gobe da asuba sai in ƙarasa. Da asuba Inna ta ce in raka ta tasha ta sami babur tun rana ba ta yi ba. Daga tasha mutane suka gan ni a tsaye da ƙafafuna, aka yi ta barka har lokacin Juma'a ya yi. Daga masallaci mahauci ya riƙe hannuna bai saki ba sai a zaurensa. Na fara da gidansa, na bi da na liman, na je na durƙusa gaban dattijon duwan na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya shiga ciki ya ɗauko takardunsa. Matata ta cika kwanukan mutane da goro da dabino, muka yi ta rabo. A kowane gida na zauna, na sha ruwa, na gode da dubiyar ciwon da ban yi ba, kuma a wasu gidajen, abin haushi, godiyar har cikin raina ta fito.

Ranar da na gama zagayen na koma teburina, na share ƙura, na buɗe shafin. Na karanta rabin jimlar, na sake karantawa, na karanta da ƙarfi. Rubutun hannuna ne, amma ƙarshenta ya tafi. Har yau ban tuna abin da na so in ce ba.